Kuɗin Baƙo Kaɗai Ba Ya Riƙe Gari

Idan makarantu suka yi dogon hutu a Birtaniya, daga ƙarshen Yuli zuwa farkon Satumba, 'yan'uwanmu mazauna Manchester da Liverpool da Birmingham sukan haɗa kuɗi, gida biyu ko uku, su kama hayar gida guda na mako ɗaya a bakin teku a Wales. Dalilin a fili yake. Otal ba ya ɗaukar mutum goma sha biyu sai da kuɗi mai nauyi, ba ka da madafa, ba ka da falon da za ku yi jam'i, kuma ba ka san da me aka soya abin da aka ajiye a gabanka ba. A gidan haya kuwa uwargida za ta ɗora tukunyarta yadda ta saba, yara su bazu a tsakar gida, in an idar da sallar asuba a buɗe taga a ji rugugin igiyar ruwa. Ni ma na kai iyalina, ba sau ɗaya ba, kuma mun ji daɗi ƙwarai.

A wajen wata walimar suna maganar ta tashi. Wani matashi ya ce ya ji mutanen can suna ƙorafi kan gidajen hutu. Sai wani dattijo da nake ganin girmansa, wanda ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru masu yawa, ya ce: "Ƙorafin me? Ai taimakonsu muke yi. Ba don kuɗin baƙi ba, da waɗannan ƙauyuka sun daɗe da zama kufai. Mai gida ya ba da gidansa haya, mu mun biya, gari ya samu ciniki. Wa aka cuta?" Kusan kowa ya gyaɗa kai. Ban tanka ba, domin ba a tsakiyar taro ake ja da babba ba, kuma domin 'yan shekarun baya da ni ma zan gyaɗa nawa. Wannan ra'ayi ba nasa ba ne shi kaɗai. Shi ne abin da akasarin masu zuwa hutu Wales suka tafi a kai, Turawan Ingila da mu baki ɗaya. Baba, da izininka, ga amsar tambayar da ka yi.

Zan fara da inda kake da gaskiya, kuma tana da yawa. Ba baƙi ne suka fara raunana ƙauyukan gaɓar Wales ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Ɗauki Pen Llŷn, zirin ƙasar nan da ya miƙe cikin teku a arewa maso yammacin Wales, inda mu da yawa muke zuwa. Mutanensa sun rayu a kan kamun kifi, da aikin jirgin ruwa, da ƙananan gonaki, da fasa dutse. Akwai wani ƙauye a cikin kwari mai suna Nant Gwrtheyrn da aka gina domin masu fasa dutse. Da aikin ya mutu, mutane suka watse ɗaya bayan ɗaya, zuwa ƙarshen shekarun 1950 ba sauran kowa. Ba mai yawon shaƙatawa ko ɗaya da ya kore su. Injin noma ya rage hannayen da gona ke buƙata, samari suka nufi Liverpool da Cardiff da Landan, kuma wasu daga cikin gidajen da baƙi suka fara saya a wancan zamani rufinsu ma ya fara zubewa. Ga kuma dokar 1980 da ta bai wa masu haya a gidajen ƙananan hukumomi damar saye su da rangwame. An sayar da ɗimbin gidaje ba a gina madadinsu ba, Wales ba ta rufe wannan ƙofa ba sai a Janairun 2019. Yau ɗin nan kuma, mai gidan abinci da mai shagon kusurwa da mai gyaran famfo a waɗannan garuruwa duk suna jiran watan Agusta kamar yadda manomi ke jiran kaka. Duk wannan na yarda.

Inda muka rabu shi ne a kan gidan kansa. Ɗakin otal don baƙo aka gina shi, haka ma ɗakunan nan masu taya da ake jerawa a fili kusa da teku. In ka kwana a ciki ba ka tare wa kowa wuri ba. Amma gidan da ke layin tsakiyar ƙauye, mai ɗaki uku da ɗan lambu a baya, wanda muka fi so saboda yana kusa da shago da bakin ruwa, wannan gidan zama ne. Kafin a rataya masa ƙaramin akwatin makulli mai lambobi a bakin ƙofa, akwai iyalin da ke kwana a ciki shekara zagaye. Kuma gidajen irin waɗannan ƙauyuka ƙidayayyu ne. Teku ta tare gefe guda, tudu ko gonar wani ta tare ɗayan, dokokin kare muhalli sun taƙaita sabon gini, musamman a cikin gandun ƙasa na Eryri da na gaɓar Pembrokeshire. Kowane gida da ya koma na hutu, an cire shi ne daga cikin abin da 'yan gari za su raba.

Lissafin da ke janyo haka ba shi da wuya. A tsakiyar bazara, abin da gida zai kawo a mako guda daga baƙi yakan kai, har ya wuce, abin da ɗan gari zai iya biya a wata. Mai gida da ya ga haka, me zai sa ya ba malamar makarantar firamare haya? Idan kuma gidan ya fito kasuwa, mutum biyu ne za su taya. Ɗaya saurayi ne da amaryarsa, shi yana aikin gini, ita tana kula da tsofaffi, banki zai ba su bashi daidai da ɗan albashinsu. Ɗayan kuwa ya sayar da kadara a Ingila, ko yana lissafin kuɗin da baƙi za su riƙa zubawa, saboda haka zai iya ɗora abin da na farkon ko a mafarki ba zai kai ba. Ba wanda ya yi sata, ba wanda ya yi ƙarya, amma sakamakon ɗaya ne kullum. Binciken da ƙaramar hukumar Gwynedd, wadda Pen Llŷn ke cikinta, ta yi a wajajen 2020 ya nuna kusan kashi 60 cikin 100 na mutanen gundumar ba za su iya sayen gida a cikinta ba.

Mu mun san irin wannan a gida. Idan masu kuɗi suka shiga kasuwar ƙauye da kaka suka kwashe hatsi suka kulle a rumbu, kowannensu da kuɗinsa ya saya, manomi ma da yardarsa ya sayar, har ya yi murna da farashin. Sai damina ta faɗi, wanda ya noma geron ya zo saye da tiya ya tarar ya fi ƙarfinsa. Ba mu taɓa cewa ba a cuci kowa ba don kawai cinikin ya halatta.

Bari in kai ka Abersoch, Baba, domin na san ka taɓa zuwa. Gari ne mai kyau a kudancin Pen Llŷn, ga rairayi, ga ƙananan jiragen ruwa na masu hali, da bazara ko wurin ajiye mota ba ka samu. In da kuɗin baƙi na riƙe gari, da Abersoch ya fi kowane ƙauye a Wales rai. A can ne ake sayar da 'yar rumfar katako ta bakin teku, wadda ba a yarda a kwana a cikinta ba, a kan fiye da fam 100,000. Kusan rabin gidajen yankin na hutu ne, ko na masu zuwa jefi-jefi ko na haya ga baƙi. A ƙarshen shekarar 2021 aka rufe makarantar firamaren garin. Yara bakwai suka rage a cikinta. Garin da ke cika maƙil da yaran wasu a watan Agusta ya kasa tara yaransa na kansa da za su cika aji ɗaya. Ina ganin wannan kaɗai ya isa a sake duba maganar. Kuɗi sun shigo Abersoch, ba ƙarya, sun shigo da yawa. Iyaye matasa ne suka fita.

Can kudu a Pembrokeshire akwai wani ɗan ƙauye a bakin ruwa, Cwm-yr-Eglwys, wanda aka sani da kangon cocinsa da guguwar teku ta rushe a 1859. A 2021 jaridun Birtaniya suka ruwaito cewa cikin gidajensa kusan 50, biyu ne kawai ake zaune a ciki dindindin. Wanda ya je da bazara zai ga fenti sabo da furanni a taga ya ce ga ƙauye mai albarka.

Baƙo ko da ido makaho ne. Mu da Agusta muke zuwa, mu ga hada-hada, mu koma da labarin cewa gari na ci. Wata shekara wani uzuri ya kai ni Pen Llŷn a watan Fabrairu, na bi ta layin da muka taɓa kama haya. Ƙarfe biyar da rabi duhu ya fara shiga. Na taka layin daga farko zuwa ƙarshe, tagogin da ke da haske ba su kai yatsun hannu ɗaya ba. Ƙofa bayan ƙofa akwatin makulli ne. Shagon da muka riƙa sayen burodi ya manna takarda cewa sai Ista. Na tsaya a gaban gidan da 'ya'yana suka yi wasa a lambunsa, yana rufe, labule a sauke, sai na ji wani abu ya tokare mini ƙirji. Tun ranar ban ƙara iya cewa taimako muke yi da sakin baki ba.

Gari yana buƙatar mutanen da baƙo ba zai taɓa maye gurbinsu ba. Jiragen ceto da ke fita idan teku ta kama wani, 'yan sa-kai ne ke tuƙa su, kuma dole su kasance suna zaune ko suna aiki 'yan mintuna daga tashar. Wanda zai ciro yaronka ko nawa daga ruwa a watan Agusta, sai ya samu wurin kwana a garin a watan Janairu. Haka mai leƙa tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, da mai horar da yara ƙwallo, da wanda zai tsaya a yi jana'iza.

Sai batun inda kuɗin namu ke zuwa, kuma a nan zan faɗi gaskiya game da mu kanmu. Kaso mafi tsoka na abin da muke kashewa kuɗin haya ne. Kamfanin intanet da ya haɗa mu, Airbnb ne ko wani, ya yanki nasa. Sauran ya tafi aljihun mai gida, wanda sau da yawa ba a Wales ma yake zaune ba. Abinci kuwa daga birni muke cika bayan mota da shi, shinkafa da naman halal da manja da yaji, domin mun san ba za mu samu a ƙauye ba, abin da ya rage kuma babban kanti ya kawo mana har ƙofa. Abin da ke faɗowa hannun 'yar gari shi ne aikin shara da canza zannuwan gado ranar Juma'a ko Asabar da baƙi ke sauyawa, na 'yan watanni, a kan ƙaramin lada. Da wannan lada ake so ta yi takarar sayen gida da wanda take yi wa sharar. Na yarda gidan da ake haya ya fi wanda mai shi ke kullewa wata goma amfani ga kasuwar gari, domin aƙalla ana shiga ana fita. Amma iyalin da ke zaune mako 52 suna sayen madara da man mota da takalman makaranta sun fi su duka biyun.

Yanzu ga abin da ya fi ci wa mutanen wurin rai, wanda kuma mu Hausawa muka fi kowa saurin tsallakewa. Wales ba wani yanki ne na Ingila ba. Ƙasa ce mai majalisarta, Senedd, da harshenta, Cymraeg, wanda ake magana da shi a tsibirin nan tun kafin a san Turanci a cikinsa. Ƙidayar 1911 ta samu kusan mutum miliyan ɗaya masu jin sa. A 2011 sun koma kimanin 562,000, a 2021 kimanin 538,000, wato ƙasa da kashi 18 cikin 100 na jama'ar ƙasar. Gwamnatin Wales ta sa wa kanta burin kai su miliyan ɗaya nan da 2050, kuma makarantun da ke koyarwa da harshen sun yawaita har a Cardiff. Sai dai harshen aji daban, harshen gari daban. Wuraren da Cymraeg ya rage a matsayin abin da ake ciniki da shi, ake faɗa da shi, ake rarrashin jariri da shi, su ne arewa da yammacin ƙasar: Gwynedd, inda kusan kashi 64 cikin 100 ke jin sa, da tsibirin Môn, da Ceredigion, da arewacin Pembrokeshire. Waɗannan kuma su ne daidai wuraren da suka fi kyawun gaɓar teku. Inda harshen ya fake, nan ne baƙi suka fi so.

Idan matashin Nefyn ko Aberdaron a Pen Llŷn ya kasa samun gida ya koma birni, ya tafi da harshen a bakinsa, 'ya'yansa kuma za su tashi a unguwar da Turanci ke mulki. Gidan da ya rasa, wani lokaci har sunansa na Cymraeg, wanda ke ɗauke da sunan rafi ko dutse ko wani da ya taɓa zama a wurin, sai a cire a maƙala na Turanci mai daɗin talla. Mu harshenmu yana da miliyoyin masu magana, yana ƙara yaɗuwa, shi ya sa wannan tsoro bai taɓa kwana da mu ba. Amma wanda ya zauna a Bauchi ko Filato ko kudancin Kaduna ya san tsofaffin da jikokinsu ba sa iya amsa musu gaisuwa da harshen kakanni, sai da Hausa. Ba wanda ya tilasta, kasuwa ce da makaranta da zaman birni suka yi aikinsu a hankali. Wanda ya taɓa ganin idon irin wannan tsoho zai gane abin da mutumin Pen Llŷn yake nufi idan ya ce gidan hutu ya fi ƙarfin maganar kuɗi.

Raunin ma tsoho ne. A 1965 aka nutsar da ƙauyen Capel Celyn, wanda mutanensa masu jin Cymraeg ne, a kwarin Tryweryn, domin a tara wa birnin Liverpool ruwa, duk da cewa ba ɗan majalisar Wales ko ɗaya da ya goyi bayan dokar a Landan. Har yau ba su manta ba. Daga Disamban 1979 zuwa farkon shekarun 1990, wata ƙungiyar ɓoye mai suna Meibion Glyndŵr ta cinna wa gidaje fiye da 200 wuta, akasarinsu na hutu mallakar mutanen Ingila. Wannan ɓarna ce kuma laifi ne, ba ni da wani uzuri da zan ba ta, kuma yawancin mutanen Wales ba su bi wannan hanya ba. Na ambace ta ne don a san ƙorafin da matashin nan ya ji ya haura shekara arba'in. Masu fafutukar yau a fili suke yi, da kwalaye da takardun koke. Ƙungiyar Cymdeithas yr Iaith, wadda aka kafa a 1962 domin kare harshen, tana gangami da taken cewa Wales ba ta sayarwa ba ce. A Nefyn kuma a 2020 aka fara wani yunƙuri mai suna Hawl i Fyw Adra, ma'ana haƙƙin mutum ya zauna a garinsu. Dubi ƙanƙantar abin da suke roƙo.

Hukuma ma ta ji. Bayan rahoton da Dakta Simon Brooks ya rubuta wa gwamnatin Wales a 2021, aka tsaurara dokoki. Daga Afrilun 2023 ƙananan hukumomi na iya ɗora ƙarin harajin gida har kashi 300 cikin 100 a kan gidan da ba mazaunin dindindin ba. Gwynedd ta sa kashi 150, Pembrokeshire ta kai 200 a 2024 kafin ta sassauta. A da, in ka ba da gida haya kwana 70 kacal a shekara, sai a lissafa shi wurin kasuwanci, ka kauce wa harajin gida, sau da yawa ma rangwamen ƙananan 'yan kasuwa ya shafe maka na kasuwancin. Yanzu sai gidan ya kasance a kasuwa kwana 252, kuma an kama shi da gaske kwana 182. Waɗanda suka yi waɗannan dokoki zaɓaɓɓun mutanen wurin ne, sun san darajar kuɗin baƙi fiye da ni da kai, domin daga ciki ake biyan wasu 'yan'uwansu. Da abin taimako ne zalla, ba za su sa masa irin wannan linzami ba.

Ban ce dokokin ba su da aibi ba. Sharaɗin kwana 182 ya matsa wa manoma da ƙananan masu haya 'yan gari, musamman na nesa da teku inda baƙi ba sa zuwa da hunturu, kuma kukansu na gaskiya ne. Gidajen da ƙarin haraji ya tura kasuwa, da yawansu har yanzu sun fi ƙarfin albashin wurin. In ba a gina gidaje masu sauƙi ba, ba a samar da aikin da ya wuce na bazara ba, haraji kaɗai ba zai dawo da yara makaranta ba. Amma kuskuren magani ba ya nuna cewa babu ciwo.

Na san abin da za ka ce, Baba: haya halal ce, mai abu yana da iko da abinsa. Haka ne, kuma ban ce wanda ya kai iyalinsa hutu ya yi zunubi ba. Sai dai mu aka tarbiyyantar a kan cewa halaccin ciniki bai shafe haƙƙin maƙwabci ba. Malamanmu sun karantar da mu babin shufa'a, inda abokin tarayya a gida ko gona yake da fifiko a kan bare idan za a sayar. Ba ina cewa hukuncin ya hau kan wannan mas'ala ba. Abin da nake ɗauka daga ciki shi ne shari'a ta san sayar da gida yana taɓa wasu bayan mai saye da mai sayarwa. Kuma mu da kanmu muke cewa baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Raɓa tana jiƙa ganye da safe, tana da amfaninta, amma in kaba ta ƙare ba abin da za ta sauka a kai.

To sai mu daina zuwa? A'a. In baƙi suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya, mutanen da nake wa wannan magana dominsu su za su fara shan wahala. Abin da nake nema shi ne mu san irin gidan da muke kamawa. Akwai manomin da ya gyara tsohon garken shanunsa ko rumbun ciyawa ya mai da shi masauki, yana zaune a gefe da iyalinsa, kuɗin hayar ne ke riƙe gonar a shekarar da farashin tumaki ya faɗi. Wannan ginin ba a taɓa zama a cikinsa ba, ba a raba kowa da shi ba, kuma kuɗinka a garin zai kwana. Mun kama irinsa a tafiyarmu ta baya, mil biyu daga teku. Mai gidan ta kawo mana ƙwai, ta nuna wa yara 'yan raguna, da ta ga muna neman alƙibla ta tsaya har muka daidaita. Ni da ita Turanci muka yi, amma da jikanta ya shigo sai ta juya harshe, na tsaya ina saurare. Nant Gwrtheyrn ma da na ambata a farko ya farfaɗo. Wani likitan yankin, Dakta Carl Clowes, ya jagoranci kafa gidauniyar da ta sayi kangon a 1978, aka gyara gidajen masu fasa dutse, wurin ya zama cibiyar koyon Cymraeg da ke karɓar baƙi. Baƙuncin da 'yan gari ke riƙe da ragamarsa yana gina su.

Tambaya biyu kafin a biya kuɗi ba za su ci minti biyar ba: mai gidan a yankin yake zaune? Kuma ginin nan, gidan zama ne a da? Wanda ke da sarari ya je a hutun Ista ko na Oktoba, lokacin da shaguna suka fi buƙatar ciniki. A bar wani abu a saya a can, kifi da madara da burodi da kayan lambu duk halal ne. A koya wa yara su ce bore da idan sun shiga shago da safe, su ce diolch idan an miƙo musu canji. Na ga yadda fuskar mai shago ke sakewa. Senedd ta zartar da doka a 2025 da za ta bai wa ƙananan hukumomi damar karɓar ɗan harajin baƙi, fam 1.30 a kan mutum a kowane dare a yawancin masaukai, daga 2027. In an zo karɓa, mu biya ba tare da gunaguni ba.

Magana ta ƙarshe ga waɗanda Allah ya buɗa wa a cikinmu. Na ji fiye da mutum ɗaya yana shawarar sayen ɗan gida a ƙauyen bakin teku a Wales domin ya zuba a Airbnb, ya riƙa kai iyali sau biyu a shekara, sauran lokaci yana kawo kuɗi. Ina roƙonku da girman Allah ku nemi wata hanyar juya dukiyarku. Mu da muka bar garuruwanmu mun san zafin nisa da gida, mu da zaɓinmu ma muka taho. Kada hannunmu ya shiga cikin abin da zai fitar da ɗan wani daga garinsu ba da son ransa ba.

Baba, in Allah ya kai mu Fabrairu, zan zo in ɗauke ka a motata mu je Abersoch, mu tsaya a ƙofar makarantar nan, mu taka layi ɗaya bayan magariba mu ƙirga tagogin da ke da haske. Abin da ka gani, shi za ka faɗa wa jama'a a walima ta gaba.